Wace Motar Ce Ta Bar Ku? Nasiha Ga Wanda Ya Tarar Da Ƙanƙara Da Girmansa

Ƙannena, musamman ku da karatu ko neman abinci ya kai ku garuruwan da ruwa ke daskarewa da kansa, ko biranen da ake daskarar da shi da inji a tsakiyar manyan kantuna, akwai wata tsayuwa da yawancinku kun taɓa yi. An jingina da katangar filin ƙanƙara, hannu a aljihun rigar sanyi, ana kallon yarinya 'yar shekara bakwai tana sulalewa da baya, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi juyi, ta tsaya cak. Zuciya ta ce ina ma, baki kuma ya riga ta da cewa ai mu mun makara. Daga nan sai a ɗauki hoto a tura gida, a tafi neman shayi mai zafi. Wannan kalma ta makara nake so mu zauna mu tankaɗe ta, domin a ganina rabinta gaskiya ce, ɗaya rabin kuwa ƙarya ce da mutum ke yi wa kansa don ya tsira da girmansa. Ai ba a makara haka kawai, sai ga wani abu: ga mota, ga jam'i, ga kasuwa, ga shuka. Wanda ya ce ya makara ga wasan zamiya a kan ƙanƙara, sai a tambaye shi wace motar ce ta tashi ta bar shi a tasha.

Idan motar Olamfik yake nufi, ya yi gaskiya, ta tashi tun yana firamare, kuma babu amfanin a yi masa daɗin baki. Yuzuru Hanyu na Japan, wanda ya ci zinare a 2014 ya sake ci a 2018, yana da shekara huɗu aka ɗora shi a kan ƙanƙara. Tara Lipinski ta Amurka ta ci nata zinaren a Nagano a 1998 tana 'yar shekara 15, haka ma Alina Zagitova ta Rasha a 2018. Johnny Weir ya fara yana da shekara 12, kuma shi ake yawan kawowa misalin wanda ya fara a makare. Dalilin a fili yake ga wanda ya lura da irin tsallen da suke yi. Ɗan wasa ba ya cika daƙiƙa ɗaya a sama, a cikinta zai juya sau uku ko huɗu, ya dira da baya a kan ƙafa ɗaya, nauyin da ke sauka a kan ƙafar kuma ya ninka na jikinsa sau da yawa. Ilia Malinin, wanda shi ne na farko da ya kammala tsallen Aksel mai juyi huɗu da rabi a gasa, a 2022, shekararsa 17 a lokacin. Irin wannan aiki sai jiki mara nauyi, wanda aka saba masa tun bai san tsoro ba. Kuma ba a banza yaran ke samunsa ba: bayan dambarwar Kamila Valieva, 'yar shekara 15, a gasar Beijin ta 2022, hukumar wasan ta duniya, ISU, ta ɗaga shekarun shiga gasar manya daga 15 zuwa 17. Wasu za su kawo muku labarin Deanna Stellato-Dudek, wadda ta zama zakarar duniya a wasan bibbiyu a 2024 tana da shekara 40, don su ƙarfafa muku gwiwa. Ku yaba mata, amma kada ku riƙe ta hujja, domin ita tun tana yarinya ta iya, ajiyewa ta yi shekara 16 sannan ta dawo.

Sai dai tsalle baƙo ne a wannan gida, daga baya ya zo ya mamaye zaure. Sunan wasan a Turanci daga zane aka samo shi, wato siffofin da ƙarfen takalmi ke bari a fuskar ƙanƙara: da'ira, lamba takwas, lamba uku, madauki. Tsohuwar ƙungiyar masu wasan ta birnin Edinbara, a ƙarni na 18, ta magidanta ce masu sana'o'insu, kuma jarrabawar shiga cikinta ita ce mutum ya zagaya cikakkiyar da'ira a kan kowace ƙafa, tsallen da ake nema bai wuce na tsallake huluna uku ba. Jackson Haines, Ba'amurke, shi ya shigo da kiɗa da rawa a shekarun 1860. Axel Paulsen na Norway ya nuna tsallen da ke ɗauke da sunansa a 1882, an kafa ISU a 1892, wasan ya shiga Olamfik a Landan a 1908, inda Ulrich Salchow na Suwidin ya ci zinare yana da shekara 31. Har zuwa 1968 zane shi ke da kashi 60 cikin ɗari na makin gasa. Alƙalai kan shiga filin da kansu, su duƙa suna bin sawun ƙarfe da ido kamar mai duban rubutun almajiri a allo. A Sapporo a 1972 Trixi Schuba ta Ostiriya ta zo ta bakwai a sashen tsalle da rawa, amma ta tafi da zinare saboda babu wadda ta kama ƙafarta a zane. Talabijin ba ta son irin wannan kallo, ba ya tara 'yan kallo, sai aka yi ta rage masa maki har aka cire shi daga gasar duniya bayan 1990. Abin da kuke gani a waya yau, mai sa ku cewa kun makara, shi ne reshen da kyamara ta zaɓa. Kututturen yana nan inda yake, kuma shi ba ya tambayar shekaru.

Don ku gane abin da nake nufi, ku ɗauki takalmin zamiya ku kife shi a tafin hannu. Ƙarfen da ke ƙasansa faɗinsa bai wuce kimanin milimita huɗu ba, kuma ba wuƙa ba ce mai baki ɗaya. Idan kuka shafa shi a hankali da farce za ku ji an ƙwaƙule tsakiyarsa kamar 'yar magudana, ta bar kaifi biyu, ɗaya ta ciki wajen babban yatsa, ɗaya ta waje wajen ƙaramin yatsa. Ku kalle shi ta gefe kuma, za ku ga ba a miƙe yake sambal ba, yana da ɗan lanƙwasa kamar gindin kwalekwale, shi ya sa kaɗan ne daga cikinsa ke taɓa ƙanƙara a lokaci guda, shi ya sa kuma juyi ke yiwuwa. A gaba akwai haƙora irin na zarto. Waɗannan na tsalle ne, ba na tunkuɗa jiki ba, kuma su ne ke tuntsurar da sabon shiga ta fuska idan ya ce zai taka irin takun da ya saba a ƙasa. Fuskar ƙanƙara tana da wani siririn laushi mai kama da ruwa, gogar ƙarfe kuma na ƙara shi, don haka ƙarfen yana sulɓewa ta tsawonsa amma yana cizo ta gefensa. Sirrin wasan duka ke nan. Da gefe ake tunkuɗawa, da gefe ake tsayawa, idan kuma mutum ya karkata jikinsa a kan kaifi ɗaya sai ƙarfen ya ɗauke shi a kan baka, kamar yadda keke ke shan kwana idan an kwantar da shi. Ƙafa biyu, kowace da kaifi biyu, kowane kaifi ana hawansa gaba ana hawansa baya: takwas ke nan. Duk wani juyi da tsallen da zakara ke yi, daga ɗayan waɗannan takwas yake tashi, a kan ɗayansu yake sauka.

Nasihata ita ce ku sa waɗannan takwas su zama burinku, domin a nan babba ke da abin da yaro ba shi da shi. Yaro da kwaikwayo yake koyo, yana da sa'o'i masu yawa da ƙashi mai laushi, amma ka ce masa ya maimaita baka ɗaya sau hamsin yana lura da inda kafaɗarsa take, sai ya gundura. Babba ana yi masa bayani ya fahimta. Idan koci ya ce masa ƙugunsa ne ke fita waje shi ya sa da'irar ba ta rufuwa, ya san ƙugu, ya san waje, zai kwana yana tunanin abin. Da kuɗinsa ya biya, da ƙafarsa ya zo, babu uwar da ta tashe shi da asuba ta tura shi. Za ku ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne, ga mai son ya ɗaga ƙafa ta wuce kansa. Amma mutanen da suka yi wannan karin magana su ne kuma suka ce gemu ba ya hana ilimi, kuma kowannenku ya san wanda ya koyi tuƙi ko keken ɗinki ko iyo bayan ya ajiye iyali. A 2004 masu bincike a Jami'ar Regensburg ta Jamus sun sa wasu manya koyon cafe ƙwallaye uku a iska, wani abu mai kama da 'yar carafke, na tsawon wata uku. Hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke lura da motsi ya ƙaru. Da suka bar wasan na wasu watanni uku, ƙaruwar ta ja baya. Darasi biyu ke ciki, kuma na biyun ya fi amfani gare ku: sa'a ɗaya sau biyu a mako ta fi yini guda a wata.

Ba kuma ku ne za ku fara share wannan hanya ba. Amurka na da gasar ƙasa ta manya zalla tun 1995. ISU kanta tana shirya gasar duniya ta manya a garin Oberstdorf na Jamus tun 2005, ba a shiga sai an kai shekara 28, ana kasa mutane bisa shekaru da matakin iyawa, kuma ana ganin masu furfura 'yan sittin da saba'in a fili. Shirye-shiryen koyarwa na ƙasa, irin su CanSkate a Kanada da Skate UK a Birtaniya da Learn to Skate USA a Amurka, duk suna karɓar manya, filaye da yawa ma suna ware musu ajinsu. Abin da mai lafiya zai iya sa rai da shi, idan ya dage, a bayyane yake: tafiya gaba, tsayawa, tafiya da baya, ƙetara ƙafa a kwana, juyi a kan ƙafa ɗaya, kaɗawa irin ta katantanwa, sannan ƙananan tsalle masu rabin juyi ko juyi ɗaya. Aksel mai juyi ɗaya da rabi kuwa, wasu kan shekara da shekaru suna nemansa, da yawa ba sa samu har su bari. Wanda bai samu ba bai rasa komai daga kututturen ba.

Hujja ta gaba ita ce tsoron karaya, kuma wannan ba zan raina ta ba. Yaro gajere ne, faɗuwarsa ba ta da nisa, jikinsa ba nauyi. Babba daga sama yake tahowa da dukan nauyinsa, ga ƙashi ya bushe, ga aiki ko jarrabawa na jiransa ranar Litinin. Wurare biyu aka fi jin ciwo: wuyan hannu, saboda mutum kan miƙa hannu ya tare ƙasa, da ƙeya, saboda faɗuwa ta baya. Maganin ba wani ɓoyayye ba ne. A sa hular kwano, hukumar wasan ta Kanada ma ta wajabta ta ga duk mai koyo a matakan farko ko shekarunsa nawa. A sa safar hannu da abin kare wuyan hannu, mai son ƙari ya sa matashi a ƙugu da gwiwa. Waya ta zauna a jaka, hannu ya fito daga aljihu. Darasin farko a wurin koci na gari shi ne faɗuwa da gangan. Da ka ji jiki na rawa sai ka lanƙwashe gwiwa ka ɗora tafukanka a kansu, sau da yawa wannan kaɗai ya isa. In abin ya ƙi, ka ƙara yin ƙasa, ka saki jiki ta gefe a kan cinya, haɓa a ƙirji. Kana ƙasa ka dunƙule yatsu, domin akwai ƙarafan wasu na wucewa. Tashi kuma ba da gaggawa ba: ka juya ka yi rarrafe, ka kafa ƙafa ɗaya tsakanin hannuwanka, ka dafa gwiwarta da hannu biyu, ka miƙe a hankali. Wanda ya yi wannan sau goma a rana ta farko ya rage rabin abin da ke ɗaure masa ƙirji.

Akwai waɗanda zan ce su ga likita kafin su ɗaure takalmi: mai juna biyu, mai tsohon ciwon baya ko gwiwa, mai asma, domin iska mai sanyi na tayar da ita. Sannan masu sikila, waɗanda muke da su da yawa a cikinmu. Sanyi da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki duk suna cikin abubuwan da ke tayar da ciwon, filin ƙanƙara kuma ya haɗa ukun. Kada kuma wanda bai tashi a ƙasar sanyi ba ya ga tafki ya daskare ya ce zai gwada. Mashigin ruwan Rideau na birnin Ottawa, mai tsawon kilomita 7.8, ba a buɗe shi ga jama'a sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 30, a hunturun 2022 zuwa 2023 ma ba a buɗe shi ba sam. Idan masu awo da na'ura suna jira haka, baƙo da idonsa kaɗai ba shi da ta cewa.

Yanzu mu zo ga abin da nake ganin shi ne ainihin katangar, wanda ake fakewa da shekaru da karaya don kada a ambace shi. Mu mutane ne masu girma. An raine mu a kan cewa babba ba ya gudu a titi, ba ya faɗuwa a gaban yara, ba ya barin a ga gazawarsa. Tarbiyya ce mai kyau, ta tsare mu daga zubar da mutunci a wurare da yawa. Amma ku duba abin da take yi wa jiki a kan ƙanƙara. Mai jin girma yakan shiga fili a miƙe ƙiƙam, ƙirji a gaba, gwiwa a sandare, yana so ya yi kama da wanda ya saba. Wannan tsayuwa ita ce daidai wadda ke kayar da mutum ta baya, domin sandararriyar gwiwa ba ta shanye girgiza, nauyi kuma ya koma dunduniya. Abin da ake so shi ne gwiwa a lanƙwashe, idon sawu a sake, jiki ya ɗan yi ƙasa kamar na saurayin da ya fara rusunawa zai gaida surukinsa. Wato tsayuwar da ido ke gani ta ƙasƙanci ita ce mai tsaro, ta isa kuma ita ce mai kai ƙeya ƙasa. Haka batun katangar filin. Mai kunya yakan maƙale mata yana jan jiki da hannu, a ganinsa ya tsira, alhali kullum yana koya wa jikinsa karkata gefe guda da dogara ga abin da babu shi a tsakiyar fili. Ana iya shekara a haka. Kunyar da ke hana mutum aikata abin assha daban, wadda ke hana shi zama ɗalibi daban, kuma mun san bambancin, tunda dattijon da ya ɗauki allo ya zauna cikin yara ba dariya muke yi masa ba, addu'a muke yi masa. Ban da haka ma, masu kallon da kuke tsoro ba su da lokacinku. Kowa a filin nan da ƙafarsa yake fama.

Ke kuma ƙanwata, na san naki tunanin ya wuce nan, kin ga gajerun rigunan da ake sawa a gasa kin ce wannan ba wurinki ba ne. Wancan kayan kallo ne. A wurin koyo wando da riga mai dogon hannu da safa kowa ke sawa, sanyi ma ba zai bari a yi wani abu daban ba, kuma tun 2004 dokar gasa ta yarda mata su sa wando. Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta shiga gasa a Italiya a 2012 da kanta a rufe, alƙalai suka rage mata maki saboda haka, ba ta cire ba, daga baya aka daina ragewa. Abin kiyayewa ɗaya ne, kuma ya shafi maza masu son zuwa da doguwar riga: duk tufar da ke jan ƙasa ko take lilo tana iya shiga ƙarƙashin ƙarfe, don haka a tattare ta. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kiɗa ko wasan bibbiyu ba, babu mai tilasta masa, kaifi takwas ɗin nan mutum shi kaɗai yake koyonsu, a da ma shiru ake yinsu. Masu cewa wasan ba na baƙar fata ba ne kuwa, an daɗe da faɗa wa Mabel Fairbanks haka a ƙofar filayen New York a shekarun 1930, ta zama mai horar da zakaru, aka karrama ta a 1997. Debi Thomas ta ci gasar duniya a 1986 tana ɗaliba a Jami'ar Stanford, ta ci tagulla a Calgary a 1988, ita ce baƙar fata ta farko da ta sami lamba a Olamfik na hunturu. Ƙwallon doki ma ai ba a Katsina aka haife shi ba, Sarki Muhammadu Dikko ya karɓe shi, ɗansa Usman Nagogo ya yi suna a cikinsa, yau wa zai ce ba namu ba ne.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce kuɗi, a nan kuma sai na ja muku birki maimakon in tura ku. Cikakken fili mita 60 ne a tsawo, 30 a faɗi, dare da rana injuna na riƙe da shi a daskare, ga motar gyaran fuska, irin wadda Frank Zamboni ya ƙera a Kalifoniya a 1949, tana shiga tana kankarewa tana zuba sabon ruwa. Duk wannan daga aljihun masu shiga yake fita. Idan kuɗin da za ka biya daga na makaranta ne, ko daga wanda ake jira a gida, bar shi, ƙanƙara ba za ta gudu ba. Idan da rara, a fara da arha: ajin taro maimakon koci na kai kaɗai, takalmin haya a makonnin farko, filin jami'a ko filayen da birane irin su Toronto da Montreal ke buɗewa kyauta a lokacin hunturu. Takalmin haya yakan zama ya saki, ƙarfensa ya dakushe, don haka wanda ya tabbata zai ci gaba ya sayi nasa, amma a shagon da za a auna masa ƙafa, ba ta intanet ba. A nan babba mai albashi ke yin kuskuren da yaro ba ya yi, sai ya ce a ba shi mafi tsada. Takalmin zakaru an yi shi da tauri don ya ɗauki dirar tsalle mai juyi uku, a ƙafar sabon shiga kuwa kamar an zuba masa kankare ne, ya hana lanƙwasa gwiwar da muka ce ita ce komai. Na masu koyo ya isa, ya kama dunduniya tsam, da siririyar safa guda ɗaya. A goge ƙarfe ya bushe bayan kowane wasa don kada ya yi tsatsa, kada a taka siminti da shi tsirara, wasa shi kuma sai wanda ya san irinsa, domin wanda ya saba da takalman hoki zai iya cinye maka haƙorin ƙasa.

Wanda ke gida, ko wanda zai dawo gida bayan shekara biyu, zai ce to ni ina ruwana. Filayen ƙanƙara a nahiyarmu ƙalilan ne, akwai a Nairobi da Alƙahira da Johannesburg, masu zuwa Dubai kuma sun san na cikin Dubai Mall. Amma takalmi mai taya yana nan a garuruwanmu, kuma ɗan'uwan wancan ne na jini: karkata ɗaya, lanƙwasa gwiwa ɗaya, Tara Lipinski ma da taya ta fara kafin ta hau ƙanƙara. Masu wasan taya na gasa har yau suna yin zane a kan da'irorin da aka shata a daɓe, abin da masu ƙanƙara suka yar. Fili mai sumul da alli da hular kwano sun isa a fara. Abin da samari ke yi na kama bayan mota ko A Daidaita Sahu a kan kwalta, wannan ba ya cikin wasan da nake magana a kai, neman ajali ne.

Idan kun shiga, ku nemi lokacin da motar gyara ta fita yanzun nan, fili na sheƙi babu sawun kowa, galibi da sassafe ko tsakar ranar aiki. Ka sami kusurwa, ka tsaya, ka tunkuɗa sau ɗaya tak a kan ƙafar dama, ka karkata kaɗan zuwa dama, ka bar ƙarfen ya ɗauke ka. A dokar zane ta da, faɗin da'irar kowane mutum kimanin tsayinsa sau uku ne, don haka taka za ta fi ta yarinyar nan girma, za ta kuma fi daɗewa kafin ta rufe. Da wuya ka kai rabinta a watan farko. Inda ƙarfin ya ƙare ka sauke ɗaya ƙafar, ka juyo ka bi sawunka da ido, ka duƙa kamar yadda alƙalan zamanin da suke yi. Inda farin layin ya yi karkarwa, nan ka kalli ƙasa ko ka sandare gwiwa. Inda ya yi faɗi ya watsa gari, nan ƙugu ya fita. Idan ka ga layi biyu siri-siri suna tafiya tare, a kan tafin ƙarfe ka tsaya, kaifi biyun duka suna ƙasa, ba ka yarda ka karkata ba tukuna. Layi ɗaya ake nema. Ka matsa gefe inda ba sawu, ka sake tunkuɗawa.